Dunƙulen da ke toshe ciki: ba jifa ba ne, ciwo ne mai magani

'Yan'uwa mazauna sansani, wani lokaci abin da mutum ya haɗiye yakan ƙi narkewa, ya riƙa taruwa a tumbi har ya zama dunƙule mai tauri ya tare wa abinci hanya. Wanda aka fi gani shi ne na zare da ɓawo da ƙwallon 'ya'yan itace, musamman ga tsofaffin da haƙoransu suka zube, da masu ciwon suga, da wanda aka taɓa yi wa tiyatar ciki. Akwai kuma na gashi, wanda ya fi kama 'yan mata masu tsige gashin kansu suna haɗiyewa.

Idan aka ji an ciro gashi daga cikin yarinya, wasu sai su ce sammu ne. Gashinta ne, ciki ba ya iya narkar da shi. Sau da yawa damuwa da firgici ke kawo wannan ɗabi'a, kuma duk mun san abin da yaranmu suka gani kafin mu iso nan. Kada a doke ta, kada a kunyata ta. Ku zo ofishin kariya, za mu haɗa ku da masu ba da shawara, cikin sirri.

Alamomin su ne ƙoshi da wuri, tashin zuciya, amai, ciwo a saman ciki da rama. Idan ciki ya kumbura, amai ya zama kore, ba bayan gida ba fitar iska, wataƙila hanji ya toshe. A kai mutum asibitin sansani nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ba shi kanwa ko maganin wankin ciki.

Likita zai taɓa cikin, ya yi tambayoyi. Ku gaya masa gaskiya idan yaro na cin gashi, ƙasa ko tsumma. Daga nan ana iya tura ku babban asibiti a ɗauki hoton ciki, ko a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a duba. Dunƙulen zaren itace ana iya narkar da shi ko a farfasa shi ta bututun. Na gashi ba ya narkewa, in ya girma sai tiyata.

Wanda ba ya jin harshen likita ya neme mu, za mu fassara masa. Allah Ya ƙara mana lafiya.