Wasa uku, kaye uku: darasin Mena ga ƴan lakwal

A kwalejojin Madawa, Buza da Keita, in ƙungiyar lakwal ta sha kaye sau biyu ko uku a jere, magana ɗaya ake ji a bakin jama'a: a canza mushen da ke horar da yaran. Kafin a yanke wannan hukunci, ya kamata a waiwayi abin da ya samu babbar ƙungiyar ƙasa, watau Mena, a shekarar 2012.

Yadda aka samu shiga

A wasannin share fage na 2010 da 2011 an haɗa Nijar da Masar, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Masar ce ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, a 2006, 2008 da 2010. Duk da haka, ran 10 ga Oktoba 2010, a filin wasa na Janar Seyni Kountché da ke Yamai, Musa Ma'azu ya jefa mata ƙwallo ɗaya, aka tashi 1 da 0. Bayan nan Mena ta ci Saliyo 3 da 1, ta ci Afirka ta Kudu 2 da 1, duka a Yamai.

A waje kuwa labarin daban ne. Ta sha kaye 2 da 0 a Afirka ta Kudu, 1 da 0 a Saliyo, 3 da 0 a Masar. Wasa uku, an zuba mata ƙwallo 6, ita ba ta jefa ko ɗaya ba. Da aka ƙare, Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo kowace na da maki 9. Ƴan Afirka ta Kudu har sun taka rawa a fili, suna zaton yawan ƙwallaye za a duba. Ashe dokar hukumar CAF ta ce a lissafta wasannin da ƙasashen uku suka yi tsakaninsu kaɗai. A nan Nijar na da maki 6, sauran biyun 5-5. Haka Mena ta samu shiga gasar karo na farko, aka kuma zaɓi mai horar da ita, Haruna Dula, gwanin masu horo na Afirka na 2011.

Kwana tara a Libarabil

Ƙungiyar da ba ta jefa ƙwallo ko ɗaya a waje ba, ita ce aka tura Gabon ta yi dukan wasanninta nesa da gida. Ran 23 ga Janairu 2012 Gabon, mai masaukin baƙi, ta ci ta 2 da 0. Nan take aka janye Haruna Dula gefe, aka miƙa ragama ga Bafaranshe Rolland Courbis, wanda da ma an kawo shi ne don ba da shawara. Ran 27 ga wata Tunisiya ta fara jefawa, William N'Gounou ya rama, wadda ita ce ƙwallon Nijar ta farko a tarihin gasar, amma gab da tashi aka ƙara mata ta biyu. Ran 31 ga wata Maroko ta ci ta 1 da 0. Aka dawo gida ba maki, da ƙwallo 1 a hannu, 5 a raga.

Canza mai horo bai hana kaye biyu da suka biyo baya ba, domin ciwon ya girmi zuwansa: ƴan wasan ba su saba da filin baƙunta ba. A 2013, a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Bajamushe Gernot Rohr, Mena ta samu makinta na farko da ta yi canjaras 0 da 0 da Kwango ta Kinshasa, amma Mali da Gana suka ci ta. Daga nan har gasar 2025 ba ta sake shiga ba.

Wata makaranta a Amurka

Jami'ar Prairie View da ke jihar Tekzas, wadda aka kafa don baƙaƙen fata, tana da ƙungiyar ƙwallo irin ta Amurkawa, wadda ake rungumar ƙwallon a yi gudu da ita. Daga 1989 zuwa 1998 ƙungiyar ta sha kaye sau 80 a jere. An dakatar da wasan a 1990, da aka dawo da shi a 1991 kuwa babu kuɗin tallafin karatu da ake jawo gwanayen ɗalibai da shi, alhali abokan karawarta suna da shi. An canza masu horo, kaye bai tsaya ba. Sai a Satumba 1998 ta ci jami'ar Langston 14 da 12. Da aka maido da tallafi aka yi haƙuri, a 2009 ta zama zakara a rukuninta.

Abin da ya shafi Adar

Ƙungiyar kwaleji a Deule ko a Keita tana da nata cikas. Ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce, fili mai laushi sai an share. Ɗalibai da dama daga ƙauyuka suke zuwa a ƙasa, in an tashi lakwal hankalinsu na kan hanya. Da an kawar da amfanin gona kuma, wasu samarin sun tafi cin rani, ƙungiyar da aka haɗa a Oktoba ta ragu kafin Janairu. Mushen da ke riƙe da irin wannan ƙungiya, ba daidai ba ne a auna shi da sakamakon shekara guda.

Mutanen Keita sun san haka a wani fanni. Aikin raya karkara da aka soma can a 1984 da taimakon Italiya bai farfaɗo da ƙasa cikin damina ɗaya ba. Mata sun yi shekaru suna ɗaukar duwatsu a ka, ana jera su don tare ruwa, kafin itatuwa su tsaya da ƙafarsu. Horon yara ma haka yake, kuma yana biya: a 2017 ƴan ƙasa da shekara 17 na Nijar sun je gasar duniya a Indiya, sun ci Koriya ta Arewa 1 da 0, sun kai zagaye na biyu.

Saboda haka aikin yana wuyan magadan gari, da shugabannin makarantu, da ƙungiyoyin iyayen yara. A share fili ɗaya a kowace kwaleji, a sa kuɗin ƙwallo cikin kasafin shekara. A shirya wasannin kai ziyara tsakanin Madawa, Buza da Keita, domin yaro ya saba da ihun ƴan kallon da ba nasa ba tun yana ƙarami. A bar mai horo ya yi shekara uku ko huɗu da yaransa kafin a yi masa hisabi. Iyaye kuma, ran da yara suka dawo da kaye, a tarbe su da ruwan sha, a tambaye su ranar wasa na gaba.