3.4 Matsalolin Fassara Keɓaɓɓun Kalmomin Ƙididdiga Daga Faransanci Zuwa Ingilishi

A wannan sashe za a duba matsalolin da mai fassara kan ci karo da su yayin mayar da keɓaɓɓun kalmomin ilimin ƙididdiga daga Faransanci zuwa Ingilishi. Dalili kuwa shi ne, rahotannin ƙididdiga na ƙasar Nijar da Faransanci ake buga su, alhali yawancin masu fassara zuwa Hausa a Nijeriya daga Ingilishi suke ɗauko aikinsu. Ke nan duk kuskuren da aka yi a fassarar farko zai gangaro har cikin ta Hausa.

3.4.1 Kalmomi Masu Kama da Juna

Matsala ta farko ita ce ta kalmomin da suka yi kama a rubutu amma suka sha bamban a ma'ana. Koessler da Derocquigny sun kira irin waɗannan kalmomi “faux amis” a shekarar 1928, wato abokan ƙarya. Alal misali, idan aji yana da ɗalibai 40, kuma 10 daga cikinsu mata ne, Bafaranshe zai kira adadin nan 10 “effectif”, sannan ya kira kason da suka ɗauka, wato kashi 25 cikin 100, “fréquence”. Shi kuwa Baturen Ingila adadin 10 ɗin yake kira “frequency”, kason kuma “relative frequency”. Saboda haka wanda ya bi kamannin kalma ya mayar da “fréquence” zuwa “frequency” ya ɗora sunan adadi a kan kaso. Haka nan kalmar “hasard” tana nufin dace ko katari, amma “hazard” ta Ingilishi haɗari take nufi.

3.4.2 Fassarar Kalma da Kalma

Matsala ta biyu tana tasowa ne idan aka fassara harɗaɗɗiyar kalma gaɓa-gaɓa. A Faransanci “loi” doka ce, amma “loi normale” ba ta da alaƙa da shari'a. Sunan wani tsari ne na yadda alƙaluma ke rarrabuwa a kewayen matsakaici, wanda a Ingilishi ake kira “normal distribution”. Haka kuma “écart-type”, wato ma'aunin nisan alƙaluma daga matsakaicinsu, “standard deviation” ne. Ita kuwa “espérance” a maganar yau da kullum fata ce, amma “espérance de vie” ita ce “life expectancy”, wato matsakaicin shekarun da ake tsammanin mutum zai rayu. Wani misalin shi ne “indice synthétique de fécondité”, wanda takwaransa shi ne “total fertility rate”.

3.4.3 Rubutun Alƙaluma

Matsala ta uku ta shafi alƙaluman kansu. Faransanci yana raba cikakken adadi da gutsurensa da waƙafi, Ingilishi kuwa da ɗigo. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Nijar a shekarar 2012 ya nuna matsakaicin haihuwa ga kowace mace “7,6”, wanda dole a rubuta shi 7.6 a Ingilishi. Ƙidayar jama'a ta wannan shekarar ta ba da adadin da Faransanci ke rubutawa “17 138 707”, Ingilishi kuma 17,138,707. Bugu da ƙari, “billion” a Faransanci miliyan sau miliyan ne, kamar yadda dokar Faransa ta 1961 ta tabbatar, amma a Ingilishi miliyan dubu ne, ma'anar da gwamnatin Birtaniya ta ɗauka a 1974. Miliyan dubun nan shi Faransawa ke kira “milliard”. Don haka mai fassarar da ya bar “billion” yadda ya same ta ya rage adadin har sau dubu, kuma idan kasafin kuɗi ake magana a kai, ɓarnar ba ƙarama ba ce.

3.4.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa sanin harsunan biyu kaɗai bai isa ba a wannan fage. Wajibi ne mai fassara ya fara gano abin da kalmar ke aunawa da yadda ake lissafa shi, sannan ya nemi sunan da masana ƙididdiga masu amfani da Ingilishi suka ba wannan ma'auni. Idan ya yi shakka, sai ya gwada kalmar da alƙaluman da ke cikin jadawalin, domin su ne za su nuna ko adadi ake nufi ko kaso. Sashe na gaba zai duba yadda waɗannan kalmomi ke shigowa cikin Hausa.