Fuskar Kwamfuta: Mai Sheƙi Ko Marar Sheƙi, Wace Ta Fi Kyan Hoto?

Duk wanda ya shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas don sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, yakan fara ne da tambayar ƙarfin inji da daɗewar batir. Ba safai yakan kula da fuskarta ba, alhali kuwa ita ce idonsa zai wuni a kai har tsawon shekaru.

Fuskar iri biyu ce. Akwai mai sheƙi, wadda take sumul kamar madubi, akwai kuma marar sheƙi, wadda aka yi wa bisanta ɗan kaushi da ido ba ya gani. Wannan kaushi shi ne asalin bambancin duka.

A fuska mai sheƙi, hasken da ke fitowa daga ciki yana isowa ido kai tsaye ba tare da ya watse ba. Saboda haka baƙi yakan fito baƙi ƙirin, ja ya fito jawur, rubutu kuma ya fito tsaf. Illarta ita ce hasken waje ma haka yake dawowa kai tsaye. Gilashin da ba a yi masa shafe ba yana mai da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Cikin ɗaki mai duhu wannan ba kome ba ne, amma kusa da taga da tsakar rana sai mutum ya riƙa ganin taga da fuskarsa maimakon aikinsa, ya yi ta karkata wuya yana kanne ido.

Marar sheƙi kuwa watsa hasken waje take yi ta ko'ina, sai hoton taga ya zama ɗan farin hazo kawai. Amma kaushin nan ba ya bambanta haske, yana watsa har da na ciki. Shi ya sa baƙinta yakan yi toka-toka, launuka su ɗan dusashe, wani lokaci farin shafi ya yi kamar an barbaɗa masa yashi.

Kamfanoni da kansu sun sha kai da komowa a kan wannan batu. A shekarar 2006 kamfanin Apple na Amurka ya fito da MacBook mai fuska mai sheƙi, a 2008 kuma ya rufe fuskar MacBook Pro mai inci 15 da gilashi. Masu aikin hoto da zane suka yi ta ƙorafi, har a 2009 kamfanin ya dawo da marar sheƙi ga wanda zai ƙara dala 50. A 2024 ya kawo wa MacBook Pro wani salon, inda ake karce gilashin da kansa karce mai laushi ƙwarai domin ya rage ƙyalli ba tare da ya kashe launi sosai ba. ThinkPad kuwa, wadda aka yi domin ma'aikatan ofis, galibinta marar sheƙi ce tun fil azal.

To, wace ta fi? Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai kallon fim da dare, mai sheƙi za ta fi gamsar da shi. Ɗalibi ko akawu da ke aiki a ɗaki mai yalwar haske, ko wanda ɗaukewar wuta ke kora zuwa baranda, marar sheƙi ta fi masa sauƙi. Domin mai sheƙi ba ta rinjayar rana sai an ƙure haskenta, ƙure haske kuwa shan batir ne.

Abin lura shi ne, sheƙi ba shi ne ingancin fuska ba. Nau'in IPS, ko da marar sheƙi ne, ya fi tsohon nau'in TN mai sheƙi daidaiton launi, musamman in an kalle shi daga gefe. Don haka kafin mai saye ya biya, ya nemi a fito da kwamfutar bakin ƙofa, a buɗe hoto mai duhu da farin shafi, ya duba da idonsa. Gani ya kori ji.