Lakwal ta Barewa: gida kafin aji

A Katsina ne Turawan Ingila suka buɗe wannan lakwal ta kwana a 1921. Ta ƙaura zuwa Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, aka raɗa mata sunan Barewa a 1971. A nan Tafawa Ɓalewa, Ahmadu Bello da Shehu Shagari suka yi karatu.

Abin da ya kamata iyaye a Nijar su lura da shi shi ne tsarin gidaje. Yaro da zuwansa ana ba shi gida, kamar na Lugard ko na Nagwamatse, a can zai kwana har ya kammala. Da sunan gidan yake tsere, yake buga ƙwallo, har da "fives", wasan dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna ya shahara da sonsa. Ɗan sarki da ɗan talaka, shara ɗaya, horo ɗaya.

Tsarin bai rasa aibi ba, domin inda aka danƙa ƙanana ga manyan ɗalibai, zalunci kan samu ƙofa. Amma zumuncin yana daɗewa: idan gini ya lalace, tsofaffin ɗaliban, ta ƙungiyarsu BOBA, sukan haɗa kuɗi su gyara.