Kwaɗon zogale da awara ga mai ciwon suga

Ɗan'uwa manomi, in akwai mai ciwon suga a gidanka, rabin abincinsa yana bayan gida da gona. Tuwo, shinkafa da rogo ke saurin ɗaga suga a jini saboda yawan sitaci. Ganye da waken suya kuwa sitacinsu kaɗan ne, ga riƙe ciki.

A zage zogale a dafa ya yi laushi, amma a rage kanwa, tana kashe wasu sinadaran ganyen. A tsane ruwan, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, attaruhu, gishiri kaɗan da ɗan man gyaɗa. A kula fa, wani ƙuli-ƙulin kasuwa da suga ake yinsa, a ɗanɗana kafin a saya. Garin kwaki da wasu ke haɗawa, a bar shi.

Awara kuma a yanka ta cikin miyar alayyafo da daddawa mai kyau, wallahi ba mai tambayar nama.

Da damina, a shanya rarar ganye a inuwa, ba a rana ba, don rani. Maganin asibiti dai kar a daina sha sai likita ya ce.