Wa Ke Biyan Kuɗin Doka a Lome?

Mazaunin Nyékonakpoè ba ya bukatar a kwatanta masa hukuma, don kullum yana ganinta da idonsa. Unguwar tana yammacin Lome, dab da iyakar Gana, kuma duk inda iyaka take, kaki ba ya yankewa: ga 'yan sanda a mararraba suna tsare 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, da ba su sa hular kwano ba, ga jandarmomi a bayan mota, ga jami'an kwastan ta wajen Aflao. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da yadi nake sayarwa, kuma ina cikin waɗanda ake kira bayan la'asar idan rigima ta tashi tsakanin Hausawan unguwa. Zaman nan ne ya sa na fara bin sawun kuɗin da ke tafiyar da doka a ƙasar nan. Abin da na gano ya dame ni: gwamnati tana buɗe bakin aljihu wajen kama mutum, amma da an kama shi sai hannu ya ƙanƙance, ragowar nauyin ya koma kan danginsa.

Lamarin yana da asali, kuma da kakanninmu a ciki. A shekarar 1885 Jamusawa suka kafa rundunar 'yan sandansu ta farko a Togo, kuma Hausawa suka fara ɗauka, kamar yadda Ingilishi suka yi a Legas da Gwalkwas. Dalilin a fili yake: baƙo ba shi da kawu a garin da aka tura shi, ba zai ji nauyin kowa ba. Rundunar ba ta taɓa kai mutum dubu ba har Jamus ta bar ƙasar a 1914, amma da ita aka riƙe Togo. Jamusawa suna alfahari cewa wannan ce ƙasar mallakarsu da ke ciyar da kanta ba tare da ta ɗora wa Balin nauyi ba. Kuɗin yana fitowa ne daga fiton kayan da ke sauka a gaɓar teku, musamman barasa, da kuma harajin jiki: a mafi yawan ƙasar, namiji ya yi aikin gwamnati na kwana 12 a shekara ko ya fanshi kansa da mak 6. Wanda ya ƙi, bulala 25 na jiransa, har maƙwabta suka riƙa yi wa Togo laƙabi da ƙasar ashirin da biyar. Ɗan sanda shi ke tara harajin, harajin kuma shi ke biyan ɗan sanda.

Faransawa sun gaji tsarin. A watan Janairun 1933, da suka ƙara haraji ana tsakiyar karayar kasuwa, matan kasuwar Lome suka fito kan titi, sai da aka kawo sojoji daga Kodebuwa. Mutanen Kano da Katsina sun san irin wannan ta wata fuskar, zamanin En'e, lokacin da baitulmali ke biyan 'yan doka da alƙalai da ma'aikatan gidan yari daga haraji da jangali, kafin gwamnatin tarayya ta karɓe 'yan doka da gidajen yari a ƙarshen shekarun 1960.

Yau hanyar kuɗin ta fi tsafta a takarda. Hukumar tara kuɗin shiga ta OTR, wadda ta fara aiki a 2014, ita ke karɓar haraji da fito, kuma tashar jiragen ruwa ta Lome na cikin manyan ƙofofin da kuɗin ke shigowa. Duk bandir ɗin atamfar da na fitar daga can, na sa hannu a albashin ɗan sanda da alƙali. Majalisa ce ke amincewa da kasafi, sannan a raba: 'yan sanda suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaron cikin gida, jandarmomi sashe ne na rundunar sojan ƙasa, kotuna da gidajen kaso kuwa na ma'aikatar shari'a ne. A wajen rabon ake gane ɗan lele. A ƙarshen 2020 majalisa ta amince da shirin kashe wa soja kusan sefa biliyan 722 daga 2021 zuwa 2025. Ba na cewa babu dalili. A watan Mayun 2022 an kashe sojoji 8 a Kpékpakandi, can arewa kan iyakar Burkina Faso, wata guda bayan haka aka sa yankin Savanes cikin dokar ta-ɓaci. Muna da 'yan uwa a Dapaong da Cinkassé, mun san abin da suke gani. Amma ma'aikatar shari'a ƙaramin kaso take samu, har manyan ayyukanta da dama sai da tallafin waje suka tsaya. Sabon gidan kason Kpalimé da aka buɗe a 2016, kuɗin Tarayyar Turai ne ya gina shi.

Sakamakon wannan rabo yana nan a babban gidan kason Lome, wanda daga unguwarmu ba wata tafiya ba ce. An tsara shi don mutum 666, amma shekara da shekaru rahotanni suna nuna ya ɗauki kusan ninki uku na hakan. Fiye da rabin waɗanda ke tsare a ƙasar ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Manfred Nowak, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan azabtarwa, ya zagaya wuraren tsare mutane a Togo a 2007 ya koka da cunkoso. A 2019 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan wannan batu ya nemi a rufe gidan na Lome gaba ɗaya. Abinci sau ɗaya a yini aka daɗe ana bayarwa. Togo ta soke hukuncin kisa a 2009, abin a yaba ne, amma mai tarin fuka da ke kwana kafaɗa da kafaɗa da mutane a ɗaki marar iska, me za a ce an yanke masa?

Giɓin da kasafi ya bari, mata ke cike shi. Akwai wata dattijuwa a layinmu, mai sayar da koko da ƙosai, da aka tsare ɗanta kan zargin sayen wayar sata. Da safe kafin ta ɗora kaskon ƙosai sai ta fara dafa shinkafarsa. Tana zubawa a robar fenti da ta wanke tas, ta ƙulle garin rogo da sukari a leda, ta yanka sabulu gida biyu don kada a raba shi da shi gaba ɗaya. Kuɗin zemijan zuwa da dawowa daga cinikin ranar yake fita. Na ce mata, “Inna, ki riƙa hutawa rana ɗaya mana, ko ƙafarki ta sarara.” Ta ɗaga kai daga murhu ta ce, “Alhaji, in na huta, wa zai ci da shi? Kuma ba shi kaɗai ke ci ba, akwai yaro ɗan Nijar a ɗakinsu da ba shi da kowa a garin nan.” Wata da watanni ta yi a haka kafin a kira shari'ar. Jarinta ya karye, ƙaramar 'yarta ta bar makaranta ta koma talla. Babu littafin gwamnati da aka rubuta wannan kuɗin a ciki, alhali da shi aka ciyar da fursunoni biyu.

Ko a matakin farko haka abin yake. Na taɓa raka wani yaron shagona kai ƙara wani ofishi bayan an fasa masa ɗaki. An karɓe mu da mutunci, aka rubuta bayani, sannan jami'in ya ce mota tana nan amma babu mai. Na ba da sefa jaka biyar. Ban ɗauke shi azzalumi ba, na ga teburinsa, na ga takardun da yake rubutu a bayansu don babu sababbi. Sai dai duk ranar da mai ƙara ne ke zuba wa motar hukuma mai, motar za ta fi sanin hanyar gidan mai hali. Doka ta ce tsarewar farko a hannun 'yan sanda awa 48 ce, sai da izinin mai gabatar da ƙara a ƙara wasu. Wanda ke da lauya ya san wannan. Ɗan dako bai sani ba.

Shi ya sa mutanen zango suke gudun kai maganarsu gaban hukuma, kuma nan ne wani ɓangare na zaman lafiyar birnin yake fitowa kyauta. Tun zamanin fataken goro da shanu, maigida ne ke tsaya wa baƙon da ya sauka a gidansa, sarkin zango da limami su raba gardama. Har yau idan bashi ya haɗa mutum biyu, tabarma ake shimfiɗawa a zaure. Mai bin bashi ya faɗi nasa, wanda ake bi ya sunkuyar da kai, liman ya tambaye shi, “Malam, nawa za ka iya duk Juma'a, tsakaninka da Allah?” A sami wanda zai tsaya masa, a shafa fatiha. Ba a biyan kowa ko dala. Abin da ke tilasta biya shi ne kunya da tsoron rasa amana, don wanda aka sani da cin bashi ba zai sake samun kaya a kasuwa ba. Kowace rigima da ta mutu a zaure, gwamnati ta tsira da kuɗin takarda, da lokacin alƙali, da wurin kwanciya a kaso.

Ina cikin masu wannan zama, amma ba zan ɓoye aibinsa ba. Zaure yana jin nauyin mai arziki. Matar da mijinta ya doke ta sau da yawa haƙuri ake ba ta, a ce kada a tona asirin gida, kuma akwai laifin da rufe shi zalunci ne, kamar cin zarafin yarinya. Irin wannan na hukuma ne, ko dattawa sun so ko ba su so ba. Sannan ƙarfin zaure yana da iyaka a gaban gwamnati. A 1977 aka rushe tsohon Zangon Lome da ke tsakiyar gari, aka kwashe mutanensa zuwa bayan gari ta arewa, wajen Agoè, kuma duk girman masu gida da malamai bai hana ba. Dattawanmu ba su manta ba, yana cikin abin da ya sa suke sallama da hukuma daga nesa.

Gwamnati ta fahimci amfanin sulhu. A 2018 ta fara buɗe gidajen sasanci da ba a biyan kuɗi, na farko a Cinkassé, Dapaong, Agoè-Nyivé da Baguida, inda ake sauraron ƙananan rigingimu irin na bashi da haya. Wannan mataki ne mai kyau, kuma ina tura mutane can idan magana ta fi ƙarfin zaure amma ba ta kai ta kotu ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dokar 2013 da ta yi alkawarin lauya kyauta ga marar hali, wadda ta shafe shekaru a takarda ba a fara aiki da ita ba. Da yaron mai ƙosai ya sami lauya a makon farko, da wuya ya daɗe haka kan waya ɗaya.

Duk ƙarshen shekara 'yan majalisa suna zama kan kasafin kuɗi, kuma masu neman ƙuri'a suna zuwa masallatanmu gaisuwa. Na gaya wa dattawan unguwa cewa in sun sake zuwa, bayan an gama maganar kwalbati da fitilun titi, ni zan tambaye su sefa nawa aka ware wa cikin fursuna ɗaya a yini, nawa aka ware wa man motar ofishin 'yan sanda, nawa kuma aka sa a asusun lauyan talaka. Liman ya ce zai ba ni dama bayan sallar Juma'a.