Me ya sa injiniyoyi ke lalata netwok ɗinsu da gangan kafin su saki manhaja?

Sau nawa ka buɗe shafin duba sakamakon jarrabawa ko na biyan kuɗi, wayarka tana nuna sabis sanda biyu, ka danna maɓalli, ƙwallon nan ya yi ta juyawa har ya ƙare da saƙon kuskure? Yawanci kamfanin layi muke zargi. Wani lokaci laifinsa ne. Amma sau da yawa matsalar ta samo asali ne tun daga ofishin da aka gina shafin, domin a can an gwada shi ne a kan intanet mai gudun tsiya, babu wanda ya tambayi yadda zai yi a hannun mai amfani da 3G a bayan gari.

Gwajin lodi da inda yake yaudara

Kafin a saki babban shafi ko manhaja, injiniyoyi suna yin abin da ake kira gwajin lodi. Suna amfani da wata manhaja, irin su Apache JMeter ko k6 ko Locust, wadda za ta ƙirƙiri dubban masu ziyara na bogi, ta aika su kan sabar a lokaci guda don a ga ko za ta ɗauka ko za ta durƙushe.

Sai dai kwamfutar da ke aika waɗannan baƙin tana yawan zama a cibiyar bayanai ɗaya da sabar, ko kusa da ita. Kowane baƙon bogi yana karɓar amsarsa cikin ƙiftawar ido ya ba da wuri. Mutanen gaske ba haka suke ba.

Ka ɗauki teburin mai shayi da ke da benci na mutum goma. Idan kowa yana shanyewa cikin minti biyar ya tashi, bencin zai wadaci mutum 120 a awa ɗaya. Idan kowa ya zauna rabin awa, mutum 20 kawai zai ɗauka, sauran su tsaya ko su wuce. Haka sabar take: mai netwok mara ƙarfi yana riƙe mazauninsa har sai bayanan sun gama isa wayarsa.

Akwai lissafi a kan wannan, wanda ake kira dokar Little, da sunan John Little da ya tabbatar da ita a 1961. Yawan waɗanda ke kan sabar a lokaci guda shi ne yawan masu shigowa a daƙiƙa ɗaya sau tsawon lokacin da kowa ke ɗauka. Idan buƙatu 100 ke shigowa kowace daƙiƙa, kowace tana ƙarewa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, haɗi 20 ne kawai a buɗe. Idan kowace ta ɗauki daƙiƙa 5, sun zama 500. Yawan mutane bai ƙaru ba, amma nauyin ya ninka sau 25. Sabar Apache a tsohon tsarinta, idan ba a sauya saitinta ba, buƙatu 256 take ɗauka a lokaci guda. Ka ga ke nan shafin da ya ci gwaji a ofis zai iya faɗuwa a ranar farko.

Wannan rauni sananne ne har an taɓa mayar da shi makami. A 2009 wani masanin tsaron intanet, Robert Hansen, ya fitar da Slowloris, wadda ke buɗe haɗi da yawa ta riƙa aika bayanai kaɗan-kaɗan ba tare da ta gama ba, har mazaunan sabar su cika.

Abubuwa uku da ake kwaikwayo

Netwok mara kyau ba abu ɗaya ba ne. Na farko shi ne faɗin hanya, wato yawan bayanan da ke wucewa a daƙiƙa. Lighthouse, manhajar Google ta auna shafuka, tana kwaikwayon waya mai saukar da megabit 1.6 a daƙiƙa. Wannan kusan kilobayit 200 ne, don haka shafi mai nauyin megabayit 2 zai ci daƙiƙa 10.

Na biyu shi ne jinkiri, lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Kafin burauzarka ta karɓi ko harafi ɗaya daga sabon shafi mai tsaro, sai ta nemo adireshinsa, ta ƙulla haɗi, ta yi musayar makullan sirri, sannan ta nemi shafin. Zuwa da dawowa kusan huɗu ke nan. Idan kowane yana cin milisakan 300, ka riga ka yi asarar fiye da daƙiƙa ɗaya kana kallon farin allo.

Na uku shi ne zubewar bayanai a hanya. Ana aika bayanai ne a ƙananan ƙunshi, kuma idan wani ya ɓace sai an sake aiko shi, tsarin kuma ya rage gudu don yana zaton hanya ta cushe. Shi ya sa za ka ga alamar 4G a sama amma hoto ya ƙi buɗewa.

Kayan aikin da ake amfani da su

A JMeter akwai saitin da ake kira httpclient.socket.http.cps, inda ake ƙayyade yawan haruffan da kowane baƙon bogi zai karɓa a daƙiƙa. A kwamfuta mai Linux ana amfani da tc da netem. Umarni kamar "tc qdisc add dev eth0 root netem delay 300ms loss 2%" zai ƙara jinkirin milisakan 300 ya kuma zubar da kashi 2 cikin 100 na bayanan da ke fita. Kamfanin Apple yana da Network Link Conditioner, Shopify kuma ya saki Toxiproxy kyauta, wadda ke iya tsinke haɗi a tsakiyar aiki.

Facebook ya ɗauki lamarin da muhimmanci. A 2015 ya saki Augmented Traffic Control ga kowa, ya fitar da Facebook Lite wadda nauyinta bai kai megabayit 1 ba a lokacin, sannan a watan Oktoba ya ƙirƙiro "2G Tuesdays", inda ma'aikata ke iya zaɓar a rage musu gudun intanet zuwa na 2G na awa ɗaya kowace Talata, don su ɗanɗana abin da masu amfani a ƙasashe irin su Indiya ke ɗanɗana.

Abin da gwajin ke tonowa

Babban abin da ke fitowa shi ne halin ɗan Adam. Idan shafi ya yi nauyi, mutum ba ya jira, sake dannawa yake yi, wani har sau biyar. Sabar da ta riga ta galabaita sai ta sami ƙarin kaya. Idan kuma maɓallin biyan kuɗi ne, kuma ba a tsara shi da kyau ba, za a iya cire kuɗi sau biyu. Maganinsa shi ne a ba kowace ma'amala lamba ta musamman, ta yadda ko an sake aiko ta sabar za ta gane ta. Ana kuma ajiye manhaja irin Nginx a gaba, ta karɓi amsa daga sabar nan take, ita kuma ta riƙa miƙa wa mai jinkirin netwok a hankali.

Gwada da kanka

Idan kana koyon gina shafuka, buɗe Chrome a kwamfuta, danna F12, shiga sashen Network, ka sauya "No throttling" zuwa 3G, sannan ka sake loda shafinka. Ko kuma ka shiga saitin wayarka ka mayar da layi kan 3G ko 2G na ɗan lokaci. Ka sani wannan na nuna maka abin da mutum ɗaya ke gani ne kawai. Don sanin halin da sabar za ta shiga, sai ka haɗa da gwajin lodi mai baƙi masu gudu daban-daban.

Idan kuma kai mai amfani ne, duk lokacin da ka tura kuɗi shafin ya tsaya, kada ka yi saurin sake dannawa. Duba tarihin ma'amalarka ko saƙon banki tukuna.